Bazarar da Muka Ƙone Dangar Gidanmu

Bazarar bana ta ja. Yau kwana nawa ke nan hadari yana taruwa a gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, mu yi ta rige-rigen kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Da rana ɗaki ba ya zaunuwa, don kwano ya ɗauki zafi. Ni dai tabarmata tana gindin darbejiya, kuma a nan jikata Sa'adatu ta same ni ranar Asabar da tarin takardun ɗalibanta. Kimiyya take koyarwa a makarantar 'yan mata a Gaya, kuma in ta zo min ƙarshen mako ba ta zuwa da tsarabar komai sai jan biro da tsaki.

Na ce, "Ke kuwa me 'ya'yan mutane suka yi miki kike zabga musu ja haka?"

Ta ce, "Iya, abu ɗaya nake ta faɗa musu tun farkon zango. In za a haɗa abu biyu a fitar da na uku, wanda ya fara ƙarewa shi ke yanke yawan abin da za a samu. Ɗayan ko ya kai tudu, a banza. Su kuwa sai su kama wanda ya fi yawa su yi ta lissafi da shi."

Na dubi tabon da ke bayan hannuna na dama. Na ce ta sassauta musu, don ni ma na taɓa faɗuwa wannan jarrabawar, kuma ba a takarda ba. Sai ta ajiye biron ta gyara zama.

Lokacin Turawa ne ke mulki, kuma suna can suna yaƙinsu a ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa ba. Shekarata uku a ɗakin miji, a wani ɗan ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, ina goyon ɗana na fari, wato uban Sa'adatu. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, abin da muka girba bai kai rabin rumbu ba. Karan ma guntaye ne, kafin sanyi ya wuce dabbobi da murhu sun cinye shi. Bayan kaka aka zo ɗiban mutane zuwa haƙar kuza can wajen Jos, kowane mai unguwa aka ce ya kawo mutum kaza. Maigidana yana cikin waɗanda aka rubuta, aka ce wata huɗu za su yi.

Ranar da zai tafi ya kira ni bakin rumbu, ya nuna min randa biyu da ya liƙe bakinsu da laka. Gyaɗa ce da ɓawonta, irin shuka da ya tsince da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kin ga waɗannan? Ko me za a shiga, kada a taɓa. Ku sayar da akuya, ku sayar da gadona in ta kama. In na dawo ban tarar da iri ba, ba bana kaɗai muka rasa ba, har baɗi." Mutum ne marar faɗa, kuma sau ɗaya yake magana, shi ya sa nake tsoron maganarsa fiye da ta masu hayaniya.

Muka rage mu uku: ni, da yaron, da Inna mahaifiyar maigidan, wadda ta daina gani sai dishi-dishi. Inna a zamaninta ta yi suna wajen dafa sabulun salo. Shekarata ta farko a gidan na sha ganin tana aikin, tana faɗin ma'auninta a bakinta kamar mai bita: gora ɗaya na mai, ƙwarya takwas ta toka, curi arba'in. Na haddace shi tsaf, har na ɗauka na iya sabulu.

Wata huɗu ya cika, na biyar ya kama, babu shi babu labarinsa. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga nan ya koma kunu. Akuyar ta tafi, gadon ya bi ta. Muka koma busasshiyar tafasa da dusa, da garin ɗorawa in an samu, sai aduwa da nake tsotsa don in yaudari cikina. Zafi kuwa ba a magana. Ƙasa ba ta takuwa da azahar, rijiya ta ja baya sai an ƙulla igiya biyu, mu zauna a bakinta muna jira ruwa ya tsattsafo, kowace ta ɗibi tulu ɗaya na laka-laka. Nonona ya fara ƙafewa. Yaron ya yi ta kuka kwana da kwanaki, amma kukan bai taɓa tsorata ni kamar ranar da ya daina ba. Ya kwanta a cinyata yana kallona kawai, wuyansa ya saki.

Muna da maƙwabciya, Yagana, wata dattijuwar Babarbariya da ba ta fashin kasuwar Ajingi. Ita ce ta faɗa min a bakin rijiya cewa sabulun kanti ya ɓace saboda yaƙi, fataken hatsi suna karɓar sabulun salo hannu bibbiyu su ba da gero a madadinsa. Na dawo gida ina ta saƙe-saƙe. In muka fasa randa ɗaya muka ci gyaɗar, kwana goma ta ƙare. In kuwa na matse man na yi sabulu, curi arba'in zai kawo geron da zai kai mu faɗuwar ruwa. Randa ta biyu tana nan, rabin gona ya tsira.

Kwana uku ina zagaya rumbun nan. In na ɗora hannu a kan lakar sai in ji muryarsa, in janye. Rana ta huɗu da hantsi na dubi yaron, na ɗauki dutse na buga. Har yau ina jin ƙarar fashewar lakar nan.

Na ɓare gyaɗar a bayan ɗaki kamar ɓarauniya. Amma wautata ta kai in manta cewa ba a ɓoye suyar gyaɗa, balle ga wadda hancinta ya zama idonta. Ina cikin juyawa na ji Inna daga ɗaki tana cewa, "'Yar nan, wani gidan ne ake suyar gyaɗa?"

Na ci gaba da juyawa.

Ta ce, "To, Allah ya ba su sa'a."

Ta sani, na san ta sani. Amma tsakanina da Inna akwai kunyar da yaran yanzu ba za su gane ba. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba. In je in ce ta taya ni, daidai yake da in furta da bakina cewa na karya maganar ɗanta, kuma in jawo ta ciki. Sai na ce zan yi ni kaɗai, ai na san ma'auni.

Na daka, na murza tunkuza har hannuna ya mutu, mai ya fito ya cika gora kusan cif. Ƙuli-ƙuli ban soya ba don kada in taɓa man. Tunkuzar na dama mana kunu da ita, kuma ranar yaron ya haɗiye ludayi uku.

Saura toka. A bayan gidanmu akwai juji inda muke zubar da tokar murhu tun bara, ta kashin shanu da tarkacen shara, damina guda ta sauka a kanta. Na ce toka ai toka ce, fara ce sol kamar kowace. Na auna ƙwarya takwas har da gyara, na zuba a tukunya mai huji da na shimfiɗa wa ciyawa a ƙasa, na tace da ruwan da na yi kwana biyu ina tarawa. Na dafa ruwan tokar ya ja baya, na yi bisimilla, na juye man nan duka a ciki, na kama muciya.

Abin da na saba gani a hannun Inna shi ne, kafin a jima tukunya ta fara kumfa, ta yi duhu, ta yi nauyi har muciya ta riƙa tsayawa da kanta. Ni tun hantsi nake juyawa har azahar ta gota. Gumi ya jiƙa min zani, hayaƙi ya cika min ido, amma man nan yana sama yana yawo abinsa, ruwa yana ƙasa, ko gaisawa ba su yi ba. Tsoro ya kama ni. Rabin gonarmu ne a cikin tukunyar nan, ba ta zama sabulu ba, kuma ba za ta koma gyaɗa ba.

Da farko na ce baki ne, wata ta leƙo ta danga ta gani. Na tofa duk addu'ar da na iya. Daga nan sai hankalina ya tafi inda hankalin kowace mai girki ke tafiya. A iya sanina, duk abin da ya ƙi daɗi a tukunya mai ke gyara shi. Mai shi ne abu mai daraja, toka kuwa shara ce. Na ce lallai man ne ya yi kaɗan. Na saki muciya, na nufi rumbu, na ɗauki dutsen nan na rannan, na ɗaga shi a kan randa ta biyu.

"Ke 'yar nan. Ajiye dutsen nan."

Inna ce a tsaye a ƙofar ɗakinta, tana dafe da bango. Ban san yadda aka yi ta gane ba, wataƙila takuna ta bi da kunne. Ta ce, "Zo ki kai ni wajen tukunyar."

Ranar na fara riƙe hannunta. Ta sa na tsoma muciya har ƙasa na ɗigo mata ruwan a tafin hannu, ta hura, ta taɓa da harshe, ta tofar.

Ta ce, "Wannan ai ruwan wanke-wanke ne. Tokar ina kika ɗebo?"

Na ce, "Ta juji, Inna. Takwas na auna, har da gyara."

Ta ce, "Ko tamanin kika auna. Tokar da ruwan sama ya wanke ba ta da sauran rai. Takwas ɗin da kika ji ina faɗa, tokar kara ce sabuwa, wadda ruwanta in ya taɓa harshe sai kin yi hawaye. Toka ke cin mai, kuma daidai ƙarfinta take ci. Ki matse gyaɗar garin nan kaf ki zuba, curi ɗaya ba zai ƙaru ba."

Na ce, "Inna, babu kara ko'ina. Ko a gona babu."

Ta miƙa hannu gefe tana lalube, har yatsunta suka taɓa dangar gidan. Ta ce, "Wannan fa, ƙarfe ne?"

Dangar nan maigidan ne ya kafa ta da karan dawa na shekarar da aka yi albarka, mai kauri, ta fi tsayin mutum. Ita ce suturarmu. Mace mai goyo, mijinta ba ya nan, ga tsohuwa ba ta gani, ga kuraye da yunwa ta sa suna shigowa har cikin gari. Na ce, "Inna, in muka cire ta a fili za mu zauna."

Ta ce, "Ɗana cewa ya yi kada a taɓa iri. Ban ji ya ambaci danga ba."

Na kwashe man da ludayi na mayar gora, abin da ya salwanta ya salwanta. Washegari da sassafe, kafin iska ta tashi, Yagana ta zo muka haƙa rami a tsakar gida. Wuta a bazara ba abin wasa ba ce a garin da kowane ɗaki jinka ne, in ta kuɓuce ba gidanmu kaɗai za ta ci ba. Don haka muka riƙa zare karan runguma-runguma, mu saka a rami, sai ya cinye mu ƙara. Tulu ɗaya na ruwa muke da shi a gefe, shi ke nan. Duk rungumar da na zare sai wani yanki na gari ya bayyana, ga hanya, ga rijiya, ga mutane suna tsayawa suna kallo.

Mun kusa gamawa, rana ta fara zafi, sai ga 'yar guguwa ta ratso ta inda danga take a da. Ta shiga ramin ta ɗauki ganyen kara yana ci, ta juya da shi sama, ta dire shi a kan jinkan rumbu. Ina kallo hayaƙi ya tashi siriri, sai ja ya biyo baya. Randa ta biyu tana ƙarƙashinsa.

Ban san yadda na hau ba. Na dai tsinci kaina a sama ina fizgar ciyawa mai wuta da hannu ina jefarwa ƙasa, Yagana tana takewa tana salati, sannan ta ɗaga tulun ta sheƙa mana ni da jinkan gaba ɗaya. Inna tana zaune riƙe da yaron tana ta tambaya, "Me ya faru? Ku faɗa min mana, me ya kama?" Sai da na sauko na ga fatar bayan hannuna ta saɓule.

Da tokar ta huce muka auna. Dangar gida guda, ƙwarya shida ta bayar.

Inna ta ce, "Shida ta talatin ce. Ki raba man huɗu, ki ajiye kashi ɗaya gefe, ba ta da bakin cin sa."

Na tace, na dafa, na ɗiga mata a hannu. Ta taɓa da harshe, sai ga hawaye a idon nan da ba ya gani. Ta ce, "Yanzu kika yi magana." Na zuba mai na kama juyi da hannun hagu. Can sai kumfa ta taso, tukunya ta yi duhu, muciya ta fara nauyi. Amma hagu ba dama ba ce. Wani ya kama a gindin tukunya ya ƙone, wani ya tafaso ya zube a wuta lokacin da na juya wajen yaron. Da ya sha iska muka cura, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Ashirin da huɗu. Na zauna na yi kuka, don arba'in ne a kaina, kuma a ganina na ƙone sha shida da hannuna.

Yagana ta kai Ajingi ranar kasuwa, ta dawo da gero a ƙullin zani a ka. Da shi muka riƙa dama kunu sau ɗaya a rana, sauran man kuma ina shafawa a ƙunar, ina ɗiga kaɗan a miyar kuka. Nonona ya dawo. Yaron ya koma kukansa, ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar lokacin ba.

Zaman fili kuwa mun yi shi. Sau biyu ina fitowa da safe in ga sawun kura a bakin ƙofar ɗakina, in share da tsintsiya kafin in gaishe da Inna. Maza in za su wuce sai su kau da kai, wannan ma wani ciwon ne. Amma abin da na fi tsoro ba kura ba ce, hanyar Gaya ce. Tunda babu danga ina ganinta tun daga nesa, kuma duk mutumin da ya ɓullo a kanta sai in bi shi da kallo. Ina roƙon Allah ya dawo min da shi, ina kuma fargabar ranar da zai leƙa rumbu.

Ruwan farko ya sauka ran wata Laraba da la'asar, ƙasa ta yi ƙamshi, muka tara duk abin da ke riƙe ruwa. Bayan kwana biyu na hango wani yana tahowa da sanda, yana tafiya yana tsayawa. Na ɗauka wani tsoho ne, sai da ya tsaya a inda ƙofar gidanmu take a da ya yi sallama. Ya rame ya yi baƙi, ga tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ya ce sanyin ƙasar duwatsu ne ya shige shi.

Ya durƙusa ya gaida Inna, ya sha ruwa, bai tambayi danga ba. Ya miƙe ya nufi rumbu, ya dubi jinkan da ya ƙone, ya zura hannu. Na ji ya ƙwanƙwasa randa ɗaya, ya ƙwanƙwasa ɗayar. Ni dai ina durƙushe, kaina a ƙasa.

Inna ta fara cewa, "Ni ce na..."

Ya ce, "Bari, Inna." Ya dubi yaron da ke tsaye yana dafe da turmi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Allah ya sa in iya da ɗayar ma."

Na ɗauka lallashi ne kawai.

A nan na tsaya da labarin, don maƙogwarona ya bushe. Sa'adatu ta miƙo min ruwa, ta jawo bayan wata takarda ta yi 'yan rubuce-rubuce da jan bironta.

Ta ce, "Iya, ai kuskuren ɗalibaina kika sake yi. Ba da arba'in za ki auna ba, wannan lissafin mai ne, kuma ba shi ya fara ƙarewa ba. Tokar ta talatin ce, kin sami ashirin da huɗu. Kin ga tamanin cikin ɗari ke nan. Ko a ɗakin gwaji mai samun haka ba a cewa ya gaza, balle da hannun hagu."

Fiye da shekara sittin ina ɗauke da curi sha shida a wuyana, yarinyar nan ta sauke min goma a zama ɗaya. Na yi dariya, na ce ashe jan biron nata yana da rana.

Ta ce, "To gonar fa? Randa ɗayar ta isa?"

Na ce mata mun fita shuka washegarin dawowarsa. Yana gaba yana sara da sungumi, ina biye ina jefa iri ina rufewa da ƙafa. In ya yi layi uku sai ya zauna ya yi tari, ya tashi ya yi biyu. Kwana huɗu muka yi a haka, rana ta biyar bai iya tashi daga tabarma ba, kuma gyaɗar ba ta kai ga fure ba aka kai shi makwancinsa.

Sa'adatu ta rufe bironta a hankali.

Na ce, "Irin da na hau wuta dominsa ya yi saura, rabin randa cif. Kakanki ne ya fara ƙarewa."